Ba Suga Kaɗai Ke Kayar da Mai Ciwon Suga Ba

Da zarar hunturu ya kankama a ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, motocin rake sukan cika hanya, hazo ya lulluɓe gonaki, tari kuma ya shiga kusan kowane gida. A irin wannan lokaci ne ake yawan jin sanarwa bayan sallar asuba cewa dattijo wane ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya. Idan mutum ya je ta'aziyya ya zauna a kan tabarma, labarin da zai ji kusan iri ɗaya ne. Mura ce ta fara kama shi, sai tari da zazzaɓi, aka yi masa allurar maleriya a gida, bayan kwana uku numfashi ya fara sarƙewa, aka nemi mota zuwa Zariya, rai ya yi halinsa a hanya ko jim kaɗan da isa. Daga nan wani zai ce, "Ai da ma yana da suga." Kowa ya gyaɗa kai, a shafa fatiha, magana ta ƙare.

A ganina a nan ne ya kamata maganar ta fara. Babu mai ja da ajali, kuma kowane Musulmi ya san kwana idan ya ƙare babu likitan da zai ƙara shi. Amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya umarce mu da neman magani da kiyaye amanar jiki. Masu ciwon suga da yawa sun kwanta da nimoniya mai tsanani, sun kuma tashi sun koma gona da kasuwa. Wasu kuwa ciwon bai ba su ko mako guda ba. Me ya raba waɗannan da waɗancan? Amsar da likitoci suka samu, musamman a zamanin korona, ita ce sau da yawa ba sugan ne shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Abin da ke tafe tare da shi ne: hawan jini, ƙodar da ta fara gajiya, zuciyar da ta raunana, ƙiba, tarin fuka, da huhun da hayaƙi ya daɗe yana ci.

Annobar korona ta zama wata babbar makaranta a kan wannan batu, domin ba a taɓa samun lokacin da aka tattara bayanan dubban majinyata masu ciwon huhu iri ɗaya cikin ɗan gajeren lokaci kamar shekarar 2020 ba. Rahoton farko mai girma ya fito daga ƙasar Sin, inda aka duba mutum 44,672 da aka tabbatar sun kamu. A cikin jimillarsu, kashi 2.3 cikin 100 ne suka rasu. Amma a tsakanin masu ciwon suga adadin ya kai kashi 7.3, a tsakanin masu ciwon zuciya da jijiyoyin jini kuma ya kai kashi 10.5. A Ingila, daga cikin mutum 23,698 da korona ta kashe a asibitoci tsakanin farkon Maris da 11 ga Mayun 2020, kashi ɗaya bisa uku masu ciwon suga ne. Da masu bincike suka ware masu sugan su kaɗai suka sake dubawa, sai suka ga haɗarin ya fi yawa ga wanda ƙodarsa ta taɓu, da wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, da wanda zuciyarsa ta gaza, da wanda sugansa ya daɗe yana sama.

Binciken da ya fi jan hankalina shi ne wanda aka yi a Faransa a watan Maris na 2020, a asibitoci 53, kan masu ciwon suga 1,317 da aka kwantar saboda korona. Cikin kwana bakwai, ɗaya daga kowane goma ya rasu, ɗaya daga kowane biyar kuma sai da aka sa masa na'urar numfashi. Waɗanda suga ya riga ya yi wa ɓarna a ƙananan jijiyoyin jini, wato na ƙoda da ido da ƙafa, haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran fiye da sau biyu. Haka ma waɗanda ɓarnar ta kai ga manyan jijiyoyin zuciya da ƙwaƙwalwa. Dukkansu masu suga ne, cuta ɗaya ta kwantar da su, a ƙasa ɗaya mai wadatar kayan aiki. Abin da kowa ya shigo da shi asibiti a jikinsa ne ya bambanta makomarsu.

Kada wani ya ce ai wannan labarin Turawa ne. A lardin Western Cape na Afirka ta Kudu an gano cewa ciwon suga na cikin manyan abubuwan da ke kai mai korona kabari, cutar ƙanjamau kuma na ninka haɗarin kusan sau biyu, tarin fuka da ke jiki a lokacin ya ninka shi fiye da haka. A Nuwamban 2021 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Afirka ya tattara bayanan ƙasashe 13, ya ce kashi 10.2 cikin 100 na masu suga da suka kamu da korona sun rasu, alhali a tsakanin majinyata gaba ɗaya kashi 2.5 ne. Mu da muke maƙwabtaka da Kano ba ma buƙatar a tuna mana watan Afrilun 2020, lokacin da masu haƙar kabari suka gaji. Ministan lafiya na wancan lokaci, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yuni cewa an ƙirga mace-mace 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya zama korona ce ta haddasa ko ta tunzura su a jikin mutanen da da ma suna da wasu cututtuka. Yawancinsu dattawa ne.

An sanar da ƙarshen dokar ta-ɓaci ta duniya kan korona a watan Mayun 2023, amma darasin bai tafi tare da ita ba. Nimoniya tana nan, mura mai tsanani tana nan, tarin fuka yana nan, kuma jikin mai suga yana fuskantarsu ta hanya ɗaya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Suga mai yawa a jini yana rage kuzarin ƙwayoyin garkuwar jiki, su kasa cin ƙwayar cuta da sauri. Ita kuma cutar da zarar ta kama, jiki yakan saki sinadaran da ke ƙara ɗaga suga, sai fitsari ya yawaita, ruwan jiki ya ƙafe, jini ya yi kauri. Mutumin da sauran sassan jikinsa ke da lafiya yana da ajiyar ƙarfin da zai jure wannan gwagwarmaya ta kwana biyar ko bakwai kafin magani ya yi aiki. Wanda ajiyarsa ta ƙare tun kafin ciwon ya zo, shi ne ke faɗuwa a tsakiyar hanya.

Ɗauki ƙoda. Suga da hawan jini su ne manyan masu lalata ta a duniya, kuma suna yin haka shekara da shekaru ba tare da ciwo ko alama ba. Mutum zai iya rasa rabin aikin ƙodarsa yana zuwa gona kullum. Ranar da nimoniya ta zo da zazzaɓi da rashin shan ruwa, ragowar aikin sai ya tsaya cak. Daga nan likita ya shiga tsaka mai wuya: idan ya ƙara ruwa da yawa ya taru a huhu, idan ya rage ƙoda ta ƙarasa mutuwa, wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma ba za a iya ba da su yadda aka saba ba. Wankin ƙoda, ga wanda ya samu isa inda ake yi, kuɗinsa ya fi ƙarfin mafi yawan manomanmu.

Zuciya ma haka take. Idan huhu ya cika da majina, iskar da ke shiga jini ta ragu, sai zuciya ta ninka bugu don ta rama. Zuciyar da hawan jini ya yi shekara goma yana wahalar da ita ba ta da wannan ƙarfi. Kuma mai suga yakan samu bugun zuciya ba tare da ciwon ƙirjin da aka sani ba, domin jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo sun mutu. Ƙiba kuwa, musamman tumbi, tana danne huhu daga ƙasa idan mutum ya kwanta, ta hana shi buɗewa sosai. A wurinmu ana kallon tumbi a matsayin alamar hutu da arziki, amma a gadon asibiti nauyi ne a kan numfashi.

Sai tarin fuka, wanda ya kamata ya fi damun mu. Nijeriya ce ke kan gaba a Afirka wajen yawan masu wannan cuta, kuma ciwon suga yana ninka haɗarin kamuwa da ita sau biyu zuwa uku. Cututtukan biyu suna taimakon juna: suga yana jinkirta warkewar tarin, tarin yana hana suga sauka, ɗaya daga cikin magungunan tarin kuma, wato rifampicin, yana rage ƙarfin wasu ƙwayoyin suga da ake sha. Dukkansu suna ramar da mutum, don haka sai iyali su ce sugan ne ke cinsa, alhali huhu ne ke ruɓewa. Abin takaici shi ne gwajin tarin fuka da maganinsa na wata shida kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma babbar cibiyar ƙasa ta horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta tana nan Saye, a gefen Zariya, kusa da mu. Duk da haka mai suga zai yi wata biyu yana tari ana ba shi zuma da citta.

Akwai kuma hayaƙi. Uwayenmu mata suna shafe shekara talatin ko arba'in a gaban murhun itace da kara, sau da yawa a cikin madafi marar taga. Masu dafa mazarƙwaila a ƙauyukan Makarfi da Kudan suna wuni a bakin wuta tsawon kakar rake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida tana kashe mutum kimanin miliyan 3 a shekara. Tsohuwar da ba ta taɓa shan taba ba tana iya samun huhu irin na mashayin taba, kuma idan suga ya haɗu da irin wannan huhu, hazon hunturu ɗaya ya isa ya kwantar da ita.

Da yake na ambaci rake, bari in gyara wata fahimta. Wasu na ganin tunda ƙasarmu ƙasar rake ce, shan rake ne ke kawo mana suga. Lamarin ya fi haka faɗi. Gado, shekaru, ƙiba, rashin motsa jiki, da sauyin cima zuwa farar shinkafa da burodi da lemon kwalba da shayi mai cokali huɗu na sukari, duk suna da hannu. Wanda ya riga ya kamu, lalle ya yi taka-tsantsan da rake da mazarƙwaila. Amma idan muka tsaya a kan zaƙi kawai, sai mutum ya daina shan rake ya ɗauka ya gama magani, gishiri da dunƙulen ɗanɗano suna ci gaba da ɗaga jininsa, ƙodarsa tana tafiya.

Wannan shi ne babban kuskuren da nake gani a yadda muke kula da masu suga. Mun mayar da ciwon lamba ɗaya. Mutum ya je kyamis a soke masa yatsa, a ce yau sugansa ya sauka, ya koma gida da farin ciki. Ba a auna jininsa ba, ba a duba fitsarinsa ba, ba a ce ya cire takalmi a ga ƙafarsa ba, ba a tambaye shi ko yana tari ba. A wasu wuraren ma katin suga daban, na hawan jini daban, na tarin fuka a wani ɗaki daban, kamar ba jiki ɗaya ne ke ɗauke da su ba. Ranar da ya kwanta rai a hannun Allah, likitan da ya karɓe shi a babban asibiti ba ya da wata takarda da za ta gaya masa yadda ƙodarsa take wata shida da suka wuce.

Wani ɓangaren ɓarnar da hannunmu muke yi. Manomi ya dawo da ciwon jiki, ya sayi haɗin ƙwayoyi a ƙulle a leda, a ciki akwai diclofenac ko ibuprofen, ya sha kullum shekara da shekaru. Waɗannan magunguna guba ne ga ƙodar mai suga da hawan jini. Sai dexamethasone, wanda ake sayarwa barkatai don tari da ciwon gaɓoɓi, har da neman ƙiba. Gaskiya ne binciken da aka yi a Ingila a 2020 ya nuna wannan magani ya rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kashi ɗaya bisa uku. Amma a asibiti aka ba da shi, ana auna suga ana daidaita insulin. A gida kuwa, yana iya harba sugan mutum sama har ya suma, ya kuma danne garkuwar jiki tarin fuka ya samu sarari. Haka nan da yawa sukan ajiye allurar insulin idan ba sa iya cin abinci, alhali a lokacin ciwo ne jiki ya fi buƙatarta. Ƙwayar metformin kuma, wadda mafi yawan masu suga ke sha, likita kan dakatar da ita na ɗan lokaci idan ciwo ya yi tsanani ko ruwan jiki ya ƙafe. Wannan hukunci ne na ma'aikacin lafiya, ba na maƙwabci ba.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce ƙauyen da mata ke mutuwa wajen haihuwa, yara ke mutuwa da maleriya da tamowa, ina shi ina gwajin ƙoda? Za su kuma kawo binciken da Farfesa Andrew Uloko na Kano da abokan aikinsa suka wallafa a 2018, wanda ya nuna kashi 5.77 cikin 100 na 'yan Nijeriya ne ke da suga, kuma Arewa maso Yamma ce mafi ƙaranci da kashi 3. Maganarsu tana da nauyi, ba na raina ta. Amma kashi 3 cikin 100 na al'ummar ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan dubban mutane ne, kuma ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su ma san suna da shi ba. Su wane ne waɗannan mutane? Magidanta ne da iyaye mata masu shekara arba'in da biyar zuwa sittin da biyar, waɗanda ke ciyar da gida da biyan kuɗin makaranta da kai mai naƙuda asibiti. Idan ɗaya ya faɗi, yara da matan da muke son karewa su ne farkon shiga wahala.

Batun tsada ma gaskiya ne. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kuɗin insulin da tsinken gwaji da maganin hawan jini ya yi tashin gwauron zabo, mutane da yawa suna shan magani kwana ɗaya su tsallake biyu. Amma abin da nake kira a yi yana cikin mafi arhar ayyukan lafiya. Na'urar awon jini, tsinken gwajin fitsari da ke nuna ko ƙoda ta fara yoyo, ma'aunin nauyi, da ƙaramar na'urar da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar oksijin a jini: duka ba su kai kuɗin kwana kaɗan na jinyar mutum ɗaya a ɗakin kulawa ta musamman ba.

Jihar Kaduna ta ɗauki tsarin samar da cibiyar lafiya a matakin farko guda a kowace mazaɓa, 255 ke nan, kuma tana da hukumar inshorar lafiya ta KADCHMA da aka kafa da dokar 2018. Ginin yana nan, doka tana nan. Abin da ya rage shi ne a ware rana ɗaya a mako a kowace cibiya, daga Paki zuwa Gubuchi zuwa Likoro, ta zama ranar masu suga da hawan jini, da kati guda ɗaya ga kowane mutum. A kowace zuwa a auna suga da jini da nauyi, a duba ƙafa, a tambayi tari. Sau ɗaya a shekara a gwada fitsari da aikin ƙoda. Duk mai tarin fuka a gwada sugansa, duk mai suga da ya yi mako biyu yana tari a kai majinarsa gwaji. Asibitocin Ikara da Makarfi da Hunkuyi kuma a tabbatar suna da iskar oksijin da wutar da za ta riƙe ta dare da rana, domin majinyacin da numfashinsa ya sarƙe a wani ƙauyen Ikara ba lalle ne ya kai Asibitin Koyarwa na Shika da ransa ba. Gwamnatin tarayya ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi a 2022. Adalci ne wani kaso nasa ya dawo ya sayi maganin waɗanda zaƙin ya kwantar.

Muna kuma da wata dama da wasu yankuna ba su da ita. Makarantar koyon aikin lafiya ta Makarfi, wadda aka sani da Kwalejin Shehu Idris, ta daɗe tana yaye ma'aikatan lafiya da ke aiki a ƙauyukan Arewa. Ɗalibanta, ƙarƙashin kulawar malamansu, za su iya fita ranar kasuwa da ranar Juma'a su auna jini da suga kafin hunturu ya shigo, su tura duk wanda aka samu zuwa cibiyar mazaɓarsa. Limamai da hakimai da dagatai, waɗanda suka taimaka aka ci nasarar yaƙi da shan inna, maganarsu ɗaya za ta fito da dattijon da ya ƙi jin ta 'ya'yansa.

Ga iyalai kuma, akwai alamomin da ba a kwana da su idan mai ciwon yana da suga, balle idan ya haɗa da hawan jini ko ciwon ƙoda ko na zuciya: numfashi da sauri ko haki yana zaune, kasa ƙarasa magana sai ya tsaya ya numfasa, ruɗewa ko yawan barci, amai da ƙin shan ruwa, raguwar fitsari, ko awon oksijin da ya sauka ƙasa da 90. Dattijo mai suga yana iya samun nimoniya mai tsanani jikinsa bai yi zafi sosai ba, don haka rashin zazzaɓi ba hujjar jira ba ce. Kada a ce bari a gwada allurar taifod tukuna, kada a jira ɗan da ke Kaduna ya turo kuɗi. A tafi da shi a ranar, tare da duk ledar magungunan da yake sha, har da na gargajiya, a nuna wa likita ba tare da ɓoye komai ba.

Kuma tun kafin a kai ga haka, kowane ɗa da kowace 'ya da ke da mahaifi ko mahaifiya mai suga su yi musu tambaya uku a wannan makon: Baba, yaushe rabon da a auna maka jini? Inna, an taɓa gwada miki ƙoda? Tarin nan kwana nawa ke nan? Idan amsar ita ce ba a taɓa ba, ko an daɗe, to a ɗauke su a kai su yanzu da suke tafiya da ƙafarsu. Shugabannin ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan da 'yan majalisarmu kuma, a tambaye su a bainar jama'a cibiyoyi nawa ne a mazaɓunsu ke da na'urar awon jini mai aiki, da tsinken gwajin fitsari, da oksijin, a kuma ba su wa'adin hunturu mai zuwa su kawo amsa.